Ciwo a hanji, alama a fata da ido da huhu: fashin baƙi kan ɓoyayyun illolin IBD

A ɗauki misalin mutumin da ya zo asibiti da gyambo a ƙwauri. Wata uku ana wankewa ana ɗaurewa, gyambo sai ƙara faɗi yake. An yi allurai, an kankare bakinsa sau biyu, kuma bayan kowace kankara sai a wayi gari ya ƙara cin nama. An auna suga, lafiya lau. An auna sikila, babu. Abu ɗaya ne ba a tambaye shi ba: yaya yake bayan gida? Da an tambaya, da ya ce shekara biyu ke nan yana zawo da jini da majina, ya ɗauka basir ne ko atini, yana ta fama da Flagyl da jiƙe-jiƙe. Gyambon ƙafar nan da zawon nan ciwo ɗaya ne.

Ciwon shi ne wanda likitoci ke taƙaita sunansa da IBD, wato kumburin hanji mai daɗewa da ke tasowa idan garkuwar jiki ta juya tana yaƙar bangon hanjin mai ita. Kashi biyu ne. Akwai gyambon babban hanji, alsaratif kolaitis, wanda Samuel Wilks ya bayyana a Landan a 1859. Shi daga dubura yake farawa ya yi sama, kuma fatar cikin hanji kawai yake ci. Akwai kuma cutar Kuron, wadda ta ɗauki sunan Burrill Crohn, likitan da ya bayyana ta tare da abokan aikinsa biyu a asibitin Mount Sinai na New York a 1932. Ita tana iya kama ko'ina daga baki har dubura, ta fi son ƙarshen ƙaramin hanji, kuma tana huda bangon gaba ɗaya. An daɗe ana yi wa ciwon kallon na Turawa, amma ana ƙara gano shi a Afirka yayin da na'urar leƙa hanji ta kolonoskofi ke yawaita a manyan asibitoci.

Tsakanin kashi 25 zuwa 40 cikin 100 na masu IBD sukan sami matsala a wajen hanji. Binciken da aka yi a Suwizalan ya nuna cewa kusan rubu'in waɗannan, alamar waje ce ta fara bayyana kafin a san da ciwon hanjin. Nan ne haɗarin yake. Mai jan ido ya nufi asibitin ido, mai ciwon gwiwa ya nufi kemis, mai gyambo ya nufi ɗakin wankin ciwo ko wurin wanzami, kowa yana duba gaɓar da aka kawo masa. Kuma a da yawa daga cikin matsalolin nan, maganin da ya dace da ciwon da suka yi kama da shi, shi ne ainihin abin da ke ƙara musu wuta. Kama da wane ba ta wane.

Me ya haɗa hanji da fata?

Bangon hanji shinge ne tsakanin jini da tarin ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a ciki. Idan kumburi ya tsaga shingen, ɓurɓushin ƙwayoyin nan sukan shiga jini, su tayar da garkuwar jiki a wurare masu nisa. Sannan fararen ƙwayoyin jinin da aka horar a hanji suna ɗauke da wata alama da ke mayar da su hanji, kamar adireshi a bayan wasiƙa. A jikin wasu mutane, hanta da gaɓoɓi sukan fito da irin ƙofar da alamar ke buɗewa, sai mayaƙan su sauka a gidan da ba nasu ba.

Don amfanin aiki, tambaya uku ake yi wa kowace alama. Shin tana tashi ne tare da tashin hanji, ta kwanta idan ya kwanta? Ko tafiyar kanta take yi, hanji na lafiya ita tana ci gaba? Ko kuwa ba garkuwar jiki ce ta kawo ta kai-tsaye ba, rashin tsotse abinci ne ko maganin da ake sha? Amsar ita ke nuna inda za a sa hannu. Ta farko, a gyara hanji ta tafi. Ta biyu tana buƙatar nata maganin, ko da an yanke babban hanjin an jefar. Ta uku sau da yawa dakatar da ƙwaya ɗaya ne maganinta.

Gyambon da ba ya son wuƙa

Mafi sauƙi a cikin matsalolin fata su ne ƙulle-ƙulle masu zafi da ke fitowa a gaban ƙwauri, girman santimita 1 zuwa 5, ba sa fashewa, ba sa barin tabo. Littattafan likitanci sun ce jajaye ne, amma a baƙar fata duhu suke yi, kamar wurin da aka buge, shi ya sa taɓawa ta fi gani amfani. Suna bin tashin hanji. Sai dai a ƙasashenmu tarin fuka da kuturta da ciwon maƙogwaro da wasu magunguna ma suna kawo irinsu, don haka ba a ɗora wa hanji laifi sai an kawar da waɗannan.

Wanda ya cancanci a tsaya a kansa shi ne fayodama gangirinosum, wanda likitocin asibitin Mayo na Amurka suka raɗa wa wannan suna a 1930. Yana samun kimanin mutum 1 zuwa 2 cikin 100 na masu IBD. Yakan fara da ɗan ƙurji mai ruwa, kamar cizon ƙwaro ko ƙaramin maruru, sau da yawa a inda aka ɗan ƙuje ko aka yi allura. Cikin 'yan kwanaki sai ya fashe ya zama rami. Bakin ramin yana da duhu mai sirkin shuɗi, ya ɗan tasa, kuma idan aka sa auduga a ƙarƙashinsa za a ga ciwon ya yi kogo ya shige ƙasan fatar da ake gani kamar lafiyayya. Zafinsa ya fi girmansa nesa ba kusa ba. Yana zubar da mugunya, amma idan aka kai ta ɗakin gwaji ba a samun ƙwayar cutar da za a ce ita ta jawo shi, domin mugunyar tarin fararen ƙwayoyin jini ce da suka yi dafifi ba tare da abokin gaba ba. Idan ya warke yakan bar siririn tabo mai huje-huje kamar rariya.

Halinsa mafi muni shi ne duk rauni na ƙara masa ƙarfi. Kankarewa, tsaga, sakiya, ƙaho, ɗinki, dashen fata, duk suna kiran ƙarin fararen ƙwayoyin jini zuwa wurin. Ƙa'idar wankin gyambo ta yau da kullum, wato a cire mataccen nama har sai an ga jini, a nan ɓarna ce. An sha yanke ƙafar da ƙwayoyin magani za su iya ceta. Abin da ake yi shi ne wanki a hankali da ruwan gishiri na asibiti, a rufe da bandejin da ba ya mannewa, a ba da maganin zafi, sannan a danne garkuwar jiki. Wani babban gwaji da aka buga a Birtaniya a 2015 ya gwada firednisolon miligiram 0.75 ga kowane kilo na nauyin mutum a rana da saikulosforin miligiram 4 ga kowane kilo; sun yi kunnen doki, kuma a kowane ɓangare kashi 47 cikin 100 ne suka warke a wata shida. Wannan adadi ya isa ya nuna wa majinyaci da danginsa cewa abin na haƙuri ne. Allurar infiliksimab tana aiki da sauri: a gwajin 2006, kashi 46 cikin 100 sun sami sauƙi a mako biyu, alhali kashi 6 ne kawai a cikin waɗanda aka yi wa allurar da babu magani a ciki.

Kafin a kai ga danne garkuwa dole a rarrabe shi da 'yan kamanninsa. Gyambon sikila ya fi zama a kewayen idon sawu. Gyambon Buruli, da ake samu a Ghana da Benin da Kamaru da kudancin Najeriya, shi ma yana kogo a ƙarƙashin fata, amma galibi ba ya zafi, kuma maganinsa rifamfisin da kilaritiromaisin ne na mako takwas. Gyambon mai suga ya fi zuwa a tafin ƙafa. Saboda haka ana yankar ɗan ƙaramin yanki daga bakin ciwon sau ɗaya a kai gwaji, duk da sanin cewa yankan na iya ɗan tsokane shi. Wanda aka buɗe wa ƙofar bahaya a jikin cikinsa bayan tiyata, fayodama na son fitowa a gefen ƙofar, inda mannewa da ɓamɓare jaka ke ƙuje fata kullum.

Akwai wasu da ba a cika gani ba. Ciwon Sweet, wanda likitan fata ɗan Ingila Robert Sweet ya bayyana a 1964, yana zuwa da zazzaɓi da faffaɗan tudu-tudu masu zafi a fuska da wuya da hannuwa, ya fi kama mata, kuma sitiroyid, wato maganin danne kumburi irin firednisolon, na kwantar da shi cikin kwanaki kaɗan. Cutar Kuron kanta tana iya tsiro a fatar da ba ta haɗe da hanji ba: kumburin gaban mace ko na namiji wanda ba ya saɓewa, ko tsagewa mai zurfi a matsematsi kamar an yanka da aska. Kunya kan sa a ɓoye shi, idan kuma an nuna a ɗauke shi ciwon sanyi. Leɓe ma yakan kumbura ya ƙi komawa, musamman ga yara. A can cikin jiki kuwa, a saifa ko hanta, akan sami ƙurji mai mugunya wanda babu ƙwayar cuta a cikinsa; a yi ta zuba magungunan kashe bakteriya zazzaɓi ya ƙi sauka, ranar da aka fara sitiroyid ya sauka.

Jan ido ba duka ne afolo ba

Tun annobar jan ido ta 1969 da ta faro daga Ghana, kusan duk idon da ya yi ja sunansa afolo. Ga mai IBD akwai abu uku da za a bambance. Na farko, jan da ke kama wani ɓangare na farin ido da ɗan raɗaɗi, gani bai ragu ba. Wannan mai sauƙi ne, yana bin hanji. Na biyu, kumburin farin idon kansa, mai zafi can ciki kamar ana huda ƙashi, har ya ta da mutum daga barci. Na uku shi ne yubiyaitis, kumburin cikin ƙwayar ido: zafi, ƙin haske, gani dishi-dishi, jan ya fi taruwa a kewayen baƙin ido. Na biyu da na uku ba sa jiran hanji ya tashi, kuma suna makantarwa. Afolo yana zuwa da kwantsa da ƙaiƙayi, yana bin 'yan gida ɗaya bayan ɗaya. Yubiyaitis ba ya kwantsa, ba ya yaɗuwa.

Mai IBD da idonsa ya yi ja tare da zafi ko ƙin haske ko raguwar gani, likitan ido ya kamata ya gan shi a ranar ko washegari, domin sai da na'urar da ke haska cikin ido ake ganin ƙwayoyin kumburin. Maganin yubiyaitis ɗigon sitiroyid ne tare da ɗigon da ke buɗa ɗan ido don kada ya manne da madubin bayansa. Sayen ɗigon sitiroyid a kemis ba tare da awo ba kuskure ne babba: jan zai ragu, amma amfani da shi na makonni yana kawo hawan jinin ido da yanar ido, idan kuma akwai ƙurji a gilashin gaban ido yana iya huda shi.

Gaɓoɓi su ne suka fi yawa a cikin dukkan alamomin waje, amma a taƙaice za a bi su. Masu bincike a Oxford sun raba su biyu a 1998: wanda ke kama manyan gaɓoɓi ƙasa da biyar, irin gwiwa da idon sawu, yana bin hanji kuma yakan lafa kafin mako goma, da wanda ke kama ƙananan gaɓoɓi biyar ko fiye, musamman yatsu, yana ɗaukar watanni ko shekaru. Na ƙugu da gadon baya daban yake: matashi ya tashi da asuba baya ya sage fiye da minti 30, motsi ya sa ya ji sauƙi, kwanciya ta ƙara masa ciwo. Tarkon da ke nan shi ne maganin amosani da kowa ya sani, diklofenak da ibufurofen da firoksikam, suna iya tayar da hanjin. Farasitamol ake fara ba wa. Har a cikin manyan allurai akwai tarko: etanasef yana gyara gaɓa amma ba ya yi wa cutar Kuron komai, sekukinumab kuwa ƙara ta'azzara ta yake.

Hanta: wanda ke cin gida a ɓoye

PSC ciwo ne da ke sa magudanan ruwan madaciya, na cikin hanta da na wajenta, su yi ta kumbura suna tabo har su tsuke. Kimanin kashi 2 zuwa 5 cikin 100 na masu gyambon babban hanji ne ke samunsa, amma idan aka juyo lissafin, a arewacin Turai kusan kashi 70 zuwa 80 na masu PSC suna da IBD. Ya fi kama maza 'yan shekara 30 zuwa 40. Shekaru yakan yi babu alama, sai dai awon jini ya nuna sinadaran hanta da ake kira ALP da GGT sun hau. Daga baya ƙaiƙayi ya zo, mai tsanani da dare, a tafin hannu da tafin ƙafa, sai kasala, sai shawara, wani lokaci da zazzaɓi da rawar ɗari idan ruwan da ya taru ya kamu da cuta. Hoton MRI na magudanan yana nuna su sun tsuke nan sun buɗe can, kamar carbi.

A wurinmu shawara ta fi zuwa daga ciwon hanta nau'in B, ko sikila, ko zazzaɓin cizon sauro, kuma daidai ne a fara da su. Kuskuren shi ne a tsaya nan idan gwajin bai nuna su ba, ko a koma ga jiƙon shawara wanda shi kansa yana iya lahanta hantar.

Abu uku ne suka sa PSC ta zama ta daban. Na farko, hanjin mai ita yakan yi shiru, zawo kaɗan, jini kaɗan, amma haɗarin sankarar babban hanji ya ninka kusan sau huɗu a kan na mai kolaitis kaɗai. Shi ya sa ake yi masa kolonoskofi kowace shekara tun daga ranar da aka gano, alhali sauran masu IBD sai bayan shekara takwas ake fara wannan sa ido. Na biyu, cire babban hanji ba ya tsayar da ita. Na uku, tana iya rikiɗewa ta zama sankarar magudanan madaciya, don haka ramewa farat ɗaya ko shawarar da ta ƙaru cikin sauri abin gaggawa ne. Ana ba da maganin UDCA, yana gyara sakamakon awon jini, amma yawansa na da illa: gwajin da aka buga a Amurka a 2009 da miligiram 28 zuwa 30 ga kowane kilo an dakatar da shi saboda masu shan sa sun fi shiga matsala. Idan magudana guda ta toshe ana buɗa ta da na'ura ta baki. Idan hanta ta gaza, dashe ne kaɗai ya rage.

Jini yana zuba, jini yana daskarewa

Wannan shi ne abin da ya fi rikita dangi har da wasu ma'aikatan jinya. Mutumin da ke zawo da jini sau goma a rana, shi ne kuma jininsa ya fi saurin yin guda a jijiya. Kumburi yana ƙara yawan sinadaran daskarewa, zawo yana busar da jiki, kwanciya tana hana jini gudu. Binciken da aka buga a mujallar Lancet a 2010 ya nuna haɗarin ya ninka kusan sau uku ga masu IBD gaba ɗaya, ya kai sau takwas a lokacin da ciwon ya tashi.

Gudan yakan fara a sha-raɓa: ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi ɗumi, ta yi zafi. Idan ya ɓalle ya tafi huhu sai numfashi ya sarƙe, ƙirji ya soke, zuciya ta yi ta dukan uku-uku. Waɗanda ba a cika tunawa da su ba su ne gudan da ke toshe jijiyar hanta bayan tiyatar ciki, da wanda ke toshe manyan magudanan jini na cikin kai. Matashiya mai kolaitis da ta sami sabon ciwon kai mai ƙaruwa kullum, ya fi tsanani idan ta kwanta, sai amai, sai farfaɗiya ko gani biyu-biyu, hoton kanta za a ɗauka da gaggawa kafin a ce sanƙarau ko iska.

Saboda haka duk mai IBD da aka kwantar a asibiti ana yi masa allurar hana daskarewa, galibi enokzafarin miligiram 40 a ƙarƙashin fata sau ɗaya a rana, ko da yana ganin jini a bahaya, in dai zubar ba ta kai ta girgiza shi ba. Mai jego, da wanda aka yi wa tiyata, da mai doguwar tafiya a zaune, ko motar Kano zuwa Legas ce ko jirgin aikin Hajji, su ne suka fi buƙatar kula: shan ruwa, miƙe ƙafa, tashi a taka duk lokacin da aka sami dama.

Yadda tsakuwa ke haɗuwa a ƙoda

Ƙarshen ƙaramin hanji shi ke mayar da kusan kashi 95 cikin 100 na gishirin madaciya zuwa hanta. Idan cutar Kuron ta cinye wurin, ko aka yanke fiye da santimita 100, maiƙon abinci ba ya narkewa yadda ya kamata. A lafiyayyen ciki, kalsiyam yana kama wani sinadari mai suna okzalet su fita tare a bahaya. Idan maiƙo ya yi yawo a hanji sai ya ƙwace kalsiyam ɗin, okzalet ya zauna shi kaɗai, babban hanji ya tsotse shi, ya tafi ƙoda ya zama tsakuwa. Daga nan za a fahimci abin da ke ba mutane mamaki: mai irin wannan tsakuwa ba a hana shi kalsiyam, ƙara masa ake yi, amma tare da abinci, don ya kama okzalet tun a hanji. Sai rage maiƙo, rage alayyafo da gyaɗa da baƙin shayi mai kauri da cakulan, da barin manyan ƙwayoyin bitamin C. Ruwa kuwa a sha har fitsari ya kai lita biyu zuwa biyu da rabi a rana, wanda a zafin bazara yana nufin shan fiye da lita uku. Wanda aka cire wa babban hanji gaba ɗaya ba ya tsotse okzalet ta wannan hanyar, tsakuwarsa takan zama ta sinadarin yurik asid, saboda fitsarinsa kaɗan ne kuma mai tsami.

Ƙoda tana da wasu abokan gaba marasa hayaniya. Mesalazin, maganin da yawancin masu kolaitis ke sha, a wasu 'yan tsiraru yana kumbura naman ƙoda ba zafi ba alama, shi ya sa ake awon kiriyatinin, wato awon jini na duba aikin ƙoda, kafin a fara, a sake bayan wata biyu zuwa uku, sannan duk shekara. Kumburin da aka bari shekara da shekaru kuma yana sa wani furotin mai suna amiloyid ya taru a ƙoda, abin da ke samun kimanin mutum ɗaya cikin ɗari na masu cutar Kuron. Alamarsa fitsari mai kumfa da kumburin ƙafa da fuska, kuma tsinken awon fitsari mai araha yana kama shi da wuri. Wanda kuma ya ga iska na fita tare da fitsarinsa, ko ɓurɓushin abinci, hanji ne ya huda mafitsara.

Huhu, da batun tarin fuka

A mako na huɗu na ɗan tayi, huhu yana tohowa ne daga bututun da zai zama hanji, don haka fatar cikinsu 'yan uwan juna ne. Mai kolaitis yana iya samun tari mai yawan kaki, kofi guda ko fiye a rana, saboda hanyoyin iska sun kumbura sun buɗe. Abin mamakin, wani lokaci tarin yana farawa ne 'yan watanni bayan an cire babban hanji, kamar kumburin ya rasa masauki ya yi ƙaura. Sitiroyid na shaƙa yana yi masa aiki sosai. Idan saman maƙogwaro ne ya tsuke, murya ta dishe, numfashi ya riƙa fito, a ɗauka asma ce. Wannan yana iya toshe numfashi. Mesalazin da sulfasalazin da metotireksat su ma kowannensu yana iya kawo busasshen tari da zazzaɓi da haki.

Amma a Najeriya da Nijar da maƙwabtansu, tari ga mai IBD tarin fuka ne har sai an tabbatar ba shi ba ne. Tarin fuka na hanji yana kama da cutar Kuron ƙwarai, wuri ɗaya suke so, kuma ba wa mai shi maganin danne garkuwa ganganci ne da rai. Allurai irin infiliksimab da adalimumab suna rusa katangar da jiki ya killace tsohuwar ƙwayar tarin a ciki. Rahoton 2001 da ya fara tona wannan ya nuna ciwon yana tashi kimanin mako 12 da fara allura, kuma fiye da rabi a wajen huhu ya bayyana. Don haka kafin allurar farko ana ɗaukar hoton ƙirji, a yi gwajin fata ko na jini, a gwada kaki da na'urar GeneXpert mai gano tarin fuka idan akwai tari. Gwajin fatar yakan yi ƙarya ga wanda ya riga ya fara firednisolon, shi ya sa ya fi kyau a yi shi tun ranar da aka gano IBD. Wanda aka samu da kwantacciyar ƙwaya ana ba shi aisoniyazid na wata shida zuwa tara, ko rifamfisin na wata huɗu, kuma sai ya yi aƙalla wata guda a kai kafin allura. A rana guda ake gwada ciwon hanta nau'in B da ƙanjamau, a kuma duba bahaya don amiba, domin sitiroyid a kan atinin amiba yana iya fasa hanji.

Yawancin ragowar matsalolin magani ne ke kawo su, kuma kwanan wata ke tona su. Ciwon ƙirji da haki mako biyu zuwa huɗu da fara mesalazin, kumburin zuciya ne ko na jakarta. A tsayar, ya warke, kada a sake komawa. Ciwo mai tsanani a saman ciki da ke sokawa har baya cikin makonnin farko na azatiyofirin, fankiriyas ne, gaɓar da ke samar da insulin, ya kumbura. Fitsari ya koma kalar shayi, ido ya yi ɗorawa bayan fara sulfasalazin ko dafson, jini ne ke fashewa saboda ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, matsalar da kusan namiji ɗaya cikin biyar ko shida ke da ita a Najeriya. Gwajin nan kafin a fara ya kamata a yi shi. Sulfasalazin yana kuma rage ƙwayoyin maniyyi, amma suna dawowa kimanin wata uku da barinsa. Ciwon ƙugu mai sa ɗingishi ga wanda ya daɗe a kan firednisolon yana iya zama mutuwar kan ƙashin cinya, irin wadda aka sani ga masu sikila, kuma MRI na ganinta tun hoton ƙashi na yau da kullum bai nuna komai ba.

Sai zafin tafin ƙafa, da jin kamar ana tsira allura, da yatsu su mutu. Dalili biyu ake nema. Ɗaya ƙarancin bitamin B12, wanda shi ma a ƙarshen ƙaramin hanji ake tsotsarsa. Ajiyar hanta takan kai shekara uku zuwa biyar, don haka alamar na zuwa ne an manta da tiyatar, kuma maganin allura ce ta miligiram 1 duk wata biyu zuwa uku har ƙarshen rayuwa. Ɗayan kuwa Flagyl ne. Haɗarinsa ga jijiyoyi yana ƙaruwa idan jimillar abin da aka sha ta wuce giram 42, kuma mai shan miligiram 400 sau uku a rana yana cika wannan adadi a kwana 35. Idan aka tsayar da shi da zarar yatsu sun fara tsira-tsira, yawanci jijiyoyin suna farfaɗowa cikin watanni. Idan aka ci gaba, wani yakan zauna da mutuwar ƙafar.